Armuwar ɗin Baraka ta Shiga Tafki

Ni na koya wa Maiguwa riƙon gizago. Ina so a fara sanin wannan kafin a ji sauran, don yanzu in ka shiga Madawa ka tambayi mai aikin katako, sai a nuna maka rumfarsa kamar daga sama ya faɗo da zarto a hannu. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni sunana Rabo. Mu masassaƙa ne a Galma tun kakanni, turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata duk daga gidanmu suke fita.

Mahaifinmu yana da doka ɗaya wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ba a sassaƙa itace sai ya kwana a tafki. Ka sare shi, ka ɓare shi, ka nutsa shi cikin laka ka danne da duwatsu, ya yi kwana ashirin ko fiye. Ruwan jikinsa mai zaƙi, wanda ƙwaro yake bi, sai ya fice. Zai fito baƙi yana wari, amma ƙwaron nan mai huda itace yana zubo gari ba zai ƙara kallonsa ba. In ma kaya ya riga ya kamu, maganin ke nan, a kai shi tafki ruwa ya kashe na ciki. Da wannan aka san mu har Buza, ana cewa turmin gidanmu sai dai ya tsage don tsufa.

Shekarar babban farin nan da ya ƙare shanu, tafki ya ƙafe, kuma ba mai sayen turmi tunda babu abin dakawa. Maiguwa ya ɗauki rigarsa ya tafi Madawa, ya zauna wurin wani mutumin Dahome mai yin tebur da bencin lakkwal, wato makarantar boko. Ni na tsaya da gizagon tsoho. Shekara takwas bayan nan sai ga shi da rumfarsa ta kansa a bakin kwalta, da keke, da fensir maƙale a bayan kunne ko masallaci zai je. Ban ce ba na murna ba. Murnar ce dai ba ta kai zuci ba.

Duk wannan da sauƙi, har aka sa ranar auren Baraka.

Baraka ita ce autata. Cikin ɓaraguzan sassaƙa ta yi rarrafe, ita take miƙo mini ruwa in ina aiki, ita kaɗai na bari ta taɓa gizagona. Da kanta ta zaɓi Altine, mai noman albasa a unguwar gabas, kuma ban ga aibunsa ba. An sa biki cikin bazara. Saura kwana goma sai Cima, matata, ta dawo daga kasuwar Madawa bakinta bai rufuwa.

"Ka ji abin da ƙanenka ka yi wa ɗiyarka?" in ji ta. "Armuwar! Mai ƙohwa biyu, da madubi tsawon mutum. Ni da kaina nig ga kaina ciki tun daga ɗankwali har ƙahwa."

"To, kin ji daɗin abin da kinka gani?" na ce.

"Na hi ka daɗin gani dai," ta ce, ta wuce madafa tana dariya.

Ban ci tuwon ranar da daɗi ba. Washegari na ɗauki gatari na tafi bakin fadama, na sare reshen danya mai kauri. Na ƙudura zan yi wa Baraka kujerar da ba a taɓa gani ba a ƙasar Adar. Tafki kuwa a lokacin ƙasa ce tsattsage, awaki na yawo a cikinsa. Na san dokar tsoho, na kuma san danya itace ne mai zaƙi. Na ce a raina sau ɗaya dai ba zai zama komai ba, na shanya shi kwana uku a rana na hau aiki. Kujerar ta yi kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Ƙafa huɗu daga kututture guda, babu ƙusa babu haɗi, na zana mata zanen da ke jikin ƙwaryar kakarta, na shafe ta da man shanu har tana ƙyalli.

Ranar kai kaya babbar mota ta tsaya a ƙofar gidana. Mutum huɗu suka sauke armuwar ɗin, wato kabad ɗin tufafi, ja ce mai sheƙi, madubinta yana jefa rana a fuskokin mutane. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsofaffin da suka ci tuwo a akushina shekara talatin suka zo suna leƙa gemunsu a ciki. Kujerata tana gefe a ƙasa, wata mata ma ta ɗora kwanon goro a kanta.

Na matsa na ƙwanƙwasa gefen armuwar ɗin da yatsa. Ta yi ƙarar ganga. Ashe ba katako ba ne sosai, siraran falle-falle ne aka manne da gam, Maiguwa yana kiransa da wani sunan Faransanci mai karya harshe.

"Wanga ai ba icce ba na," na ce da ƙarfi don a ji. "Takarda ta."

Maiguwa ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi. "Yaya, takarda ko ba takarda ba, in dai ruwa bai taɓa ta ba, jikokin Baraka sai sun gaje ta."

Da kunnena na ji wannan maganar. Ina so a riƙe ta.

Aka fito da Baraka ta gani. Ta tsaya gaban madubin ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo mata. Ta juya ta durƙusa gaban Maiguwa ta ce, "Baba, Allah shi saka maka." Ni ma ta durƙusa mini, ta ɗauki kujerar ta rungume, ta yi godiya. Amma idona ya riga ya auna, hawayen ba a gabana suka zuba ba. Kishi ya kama ni, irin wanda ban taɓa yi a kan mace ko gona ba.

Uba ba ya shiga ɗakin ƴarsa a gidan miji, iyakarsa zaure. Saboda haka duk abin da na sani na ɗakin Baraka daga bakin Cima nake jinsa. Na daure mako biyu, sannan na tambaye ta, kamar ban damu ba, ko yarinyar tana zama a kujerar.

"Ba ta zama," in ji Cima. "Tana can bisa armuwar ta aje ta."

A bisa armuwar. Inda ake jefa tsohuwar ƙwarya da faifan da ya yage. Ban ƙara tambaya ba, kuma na daina bi ta unguwar gabas.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, tafki ya cika har ya taɓa gonakin gefe. Wata ranar Laraba da hantsi ina zaune a rumfata ina fafe turmi, sai Cima ta shigo ta kwance bakin zanenta a gabana. Gari ne ɗan kaɗan, mai laushi, bai fi cikin cokali ba.

"Ga abin da Baraka ka sharewa kullum da sahe a gindin armuwar," ta ce. "Ta share, gobe shi koma. Hankalinta duk ya tashi."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Allah ya yafe mini, daɗin da na ji ya fi na ranar da aka raɗa wa yarinyar suna. Na murza garin tsakanin yatsu, na kai hanci. Nan ne hancina ya gaya mini wani abu, don mutumin da ya yi shekara arba'in yana shaƙar itace ya san ƙamshin danya. Na kakkaɓe hannuna a wando, na ce wa hancin ya yi shiru.

Da la'asar Baraka da mijinta suka zo. Altine ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa, ita ta zauna kusa da uwarta.

"Baba, na ce ko mu aika ma Baba Maiguwa," ta ce. "An ce yana da dabara. Kananzir shika ɗurawa cikin hudar da allurar likita, shi toshe da kakin zuma, shi sa a rana."

"Allurar likita!" na ce. "Armuwar ta zan mai zazzaɓi ke nan? Shi da yak kawo miki ƙwaro cikin ɗaki, shi za ki kira shi hidda su? Ke ɗiyar gidan wa ta? Tun kahin a haihi ubanki gidanga anka san maganin ƙwaro. Gobe a kai ta tabki."

Altine ya yi gyaran murya. "Baba, sai dai kamar na ji an ce kada ruwa..."

"Wa yac ce?"

Altine ya mai da kansa ƙasa. Suruki ba ya ja da uban matarsa, ni kuwa na san haka sarai, da shi na yi aiki. Baraka ta dube ni, ta dubi uwarta. Cima ta ce, "Malam, ka dai yi tunani." Na ce na gama tunani tun ba a haife su ba. Daga ƙarshe Baraka ta ce, "To, Baba, kai ka sani." Ta faɗe shi da zuciya ɗaya, don tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin na yi kuskure a kan itace ba.

In an tambaye ni yau ko na san abin da ruwa zai yi wa armuwar ɗin, sai in ce ban taɓa gwadawa ba, kuma gaskiya ne. Amma ban manta maganar Maiguwa ba, wannan ma gaskiya ne. Abin da nake so shi ne duk Galma ta ga kayan Madawa a kan amalanke, ana kai shi wurin Rabo neman magani.

Haka kuwa aka yi. Na hana a bi ta bayan gari, na sa aka ratsa ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Duk wanda ya tambaya sai in ɗaga murya in ce, "Ƙwaro na! Aikin zamani na, ƙyalli a waje, gari a ciki." Alheri ɗaya da aka yi, Altine ya roƙa a bar shi ya kwance madubin, na bari. Muka kwantar da ita cikin laka, muka danne da duwatsu shida. Ta yi ta fitar da kumfa tana ƙin nutsewa, sai da na hau kanta da ƙafafuna.

Kwana ashirin na yi ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Mutum biyu ma suka zo suka ce in yi musu turmi, suna cewa na gida dai shi ne na gida.

Ranar fitarwa rabin gari ya biyo mu. Labari ya kai Madawa a makare, sai ga Maiguwa a kan kekensa, wandonsa duk taɓo, ya iso daidai muna ɗage duwatsun. Gaisuwa kawai ya yi ya tsaya. Ni da Altine muka kama gefe guda muka ɗaga. Gefen ya taho a hannunmu, sauran ya zauna a laka. Ƙofofin sun kumbura sun murɗe, allunan suna saɓulewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Abin da muka jera a bakin tafki, ko akurkin kaji ba za a yi da shi ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki na ce, "Kun gani? Ƙwaro ya riga ya cinye ta."

Maiguwa ya tsuguna. Ya ɗauki falle ɗaya ya wanke a ruwa, ya ɗaga shi a rana, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da katakon ƙafafu da na gindi, yana shafawa da babban yatsa kamar yadda na koya masa. Sannan ya miƙo mini ɗaya.

"Yaya, idonka ya hi nawa," ya ce a hankali. "Duba min, ni ban ga huda ba."

Na duba. Babu huda ko ɗaya, babu hanyar tsutsa ko ta tsawon ƙwayar gero. Na juya allon sama da ƙasa har sau uku, mutane suna kallona. Baraka tana tsaye can baya da mayafi a baki. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta kama hanyar gida.

Maiguwa ya ɗaure ragowar mariƙan ƙarfen armuwar ɗin a bayan kekensa. Kafin ya hau ya ce, "Zan yi mata wata in Allah ya so, sai dai ba bana ba, katako ya yi wuya." Ko zagi ɗaya bai yi mini ba. Wannan ma na riƙe shi da shi, don mutum ya zage ka ka rama ya fi ya bar ka da bakinka.

Da na koma gida Cima ta ajiye mini ruwa ta zauna. Na san akwai magana, don ba ta zama haka kawai.

"Kwana ashirin armuwar na cikin ruwa," ta ce, "kwana ashirin Baraka na share gari. Tun kwana na biyu tag gane. Ta hana ni in gaya maka, ta ce kunya za ka ji, kuma ruwa ya riga ya shiga."

"Daga ina garin ka zuba?" na ce, ko da yake na sani.

"Kai ka tambaya? Kujerarka ta. Tun randa anka kai ta, ta naɗe ta cikin zanen aurenta, ta ɗora bisa inda ba mai kaiwa. Ta ce ba ta yarda kowa shi zauna bisa aikin hannun ubanta, ko ita kanta. In baƙi sun zo sai ta sauko da ita ta gwada masu, ta maida. Daga can garin ka gangarowa ta bayan armuwar."

Na ce, "Mi ya hana ki gaya min haka tun farko?"

"Na ce maka tana bisa armuwar. Kai kaɗ ɗaure huska kat tashi. Wa ka iya magana da kai in an ambaci Maiguwa?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da ban taɓa taka ɗakin ba, na zauna a rumfata na yanke masa hukunci. Kunya ta rufe ni, na yi kwana uku ban je dandali ba. Amma kada a ɗauka kishin ya mutu. Yana nan, ya sami sabon abin ci, don yanzu Maiguwa ne mai gaskiya kuma mai haƙuri, ni ne mahaukacin da ya jefa kayan ƴarsa a ruwa.

Abu ɗaya ya rage mini da nake jingina da shi. Kujerar kututture ce guda, babu gam babu ƙusa. Ita kam tafki maganinta ne na gaskiya. Kwana ashirin a laka, in shanya ta a inuwa, in sake shafe ta da mai, ta fi da kyau. Na zaɓi wuri mai laka mai kyau a gefen yamma, har na tara duwatsu. Na zauna jiran Baraka ta kawo ta, tunda ni ba ni da bakin aikawa.

Ranar kasuwar Madawa da safe sai ga ta. Ta biyo ta gaban rumfata, hanyar da ake bi zuwa tashar mota, da ƙunshi a ka cikin zanen aurenta. Ƙafa ɗaya ta leƙo daga zanen, na gane zanen da na yi mata. Ta sauke, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi kwanan uwarta.

"Madalla da kinka kawo ta," na ce, na miƙa hannu. "Laihi nawa na, ban kai ta tabki ba kahin in sassaƙa. Aje ta nan. Wagga ruwa ba ya yi mata komi, na rantse miki."

Ba ta miƙo ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙunshin.

"Na sani, Baba," ta ce. "Na san gaskiya kaka hwaɗi."

"To kawo."

"Madawa za ni da ita."

Na ce mata ni na yi ta, na san kowace jijiya da ke cikinta, Maiguwa da allurarsa sai ya bi huda ɗaya-ɗaya, wata ma ta ɓace masa. Na ce maganina ya fi nasa, kuma a kan wannan kujerar ko shi ba zai musa ba. Roƙonta nake yi, ni da ban taɓa roƙon ɗa ba.

Ta ɗago ido ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba.

"Baba, kaya biyu iyayena sunka ba ni," ta ce. "Guda na ba ka. Wagga ita ɗai tar rage min."

Ta ɗauki ƙunshin ta aza a ka, ta gyara gammo. Na bi ta da ido har tasha. Yaron mota ya miƙo hannu zai jefa kayan a bisa rufi tare da buhunan albasa, ta hana shi. Ta shiga ta zauna, ta ɗora kujerar a cinyarta ta riƙe da hannu biyu, motar ta tashi.